Littafin Baƙin Mai

Agogonta ya tsaya a kan dubu ɗari huɗu da tamanin da shida,
wata Laraba, daf da gadar Kwangila.
Ban kai shi gyara ba.
Tsohuwa ba ta neman mai ƙirga mata shekaru.

Lissafin gaskiya yana aljihun gaba,
cikin littafin da Baba ya bari,
farkonsa ajami ne, hannunsa,
ƙarshensa boko, nawa.
Ran kaza, baƙin mai, lita shida.
Ran kaza, fanbel, Sallau ya ɗaura.
Ran kaza, kuloci ya fara santsi a hawa.
Akwai shafin da babban yatsansa ya zauna,
baƙi wuluk, har zanen fatar ana gani.
A nan nake jinkiri in na zo buɗewa.

Ƙwai muke ɗauka.
Kiret ɗari da hamsin daga wata gona a Shika,
ana sallame asuba,
mu sauke a Samaru, mu gangara Sabon Gari,
masu shayin Tudun Wada su tare mu da kasko a wuta.
Wanda ya ɗauko ƙwai ba ya tsere da kowa.
Ta san ramukan hanyar nan kamar 'yan ɗakinsu,
ni dai riƙe sitiyari ne nawa.

Sallau ba ya tambayata abin da ke damunta.
Yakan dafa sukudireba a jikin inji,
ya kara kunne a ƙotar,
ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi.
"Ba ta da komai," in ji shi,
"mai ka sha a bakin hanya, na ji shi a tarinta."
Gaskiya ya faɗa. Na sunkuyar da kai.

Sau uku ta zaunar da ni a shekara goma sha ɗaya,
biyu laifina ne.
Na ukun, cikin ruwan Agusta a Dogarawa,
tiyon lagireto ya fashe, tururi ya tashi.
Na naɗe shi da robar tsohon tib,
na fasa mata leda ashirin ta fiya wata,
ta kai ni gida tana huci,
ƙwai biyu kacal suka fashe.

Ashiru maƙwabcina ya sayo 'yar Kwatano,
fara sol, tana magana da fitilu.
Mako uku ke nan tana lulluɓe a ƙofar gida,
ana jiran wani ɗan abu daga Legas
wanda bai kai ƙwayar dabino ba.
Ban yi dariya ba. Na kai masa kayansa kasuwa.

Wani lokaci nakan tambayi kaina
me ya rage nata na asali.
Giya daga Panteka, ƙofar gefe ta wata ce, shuɗiya,
ringi sau biyu, salansa duk walda,
kujera kuwa matashin ɗakina ne.
Sai dai ƙarar nan da take yi in ta kama,
tari biyu, shiru, sannan gurnani,
wadda Inna ke ji daga tsakar gida
ta ce, "Malam ya fita,"
ko da yake shekara tara ke nan da binne shi.

Jiya ɗan gwangwan ya ƙwanƙwasa bodinta,
ya ce zai saya a kilo.
Na ce ya dawo ran da ya sami sikelin
da zai auna kuɗin makarantar yara huɗu
da rufin kwanon ɗakin Inna.

Yau da safe na zaro sandar mai,
na goge da tsumma, na mayar, na sake zarowa.
Ya sauka kaɗan, kamar kullum.
Rumasa'u na tsaye da biro, ta riga ni buɗe littafin.
Saura shafi huɗu.
Na ce ta ƙanƙanta rubutu.